Joseph Fourier: Marayan ɗan tela da lissafinsa ke tace wutar lantarki a yau

Ranar 21 ga Disamba, 1807, aka gabatar wa manyan masana kimiyya na Faransa, a zamansu na birnin Paris, wata doguwar maƙala a kan yadda zafi ke ratsa ƙarfe da sauran daskararrun abubuwa. Marubucinta kantoma ne na wani lardi mai duwatsu a kudu maso gabashin ƙasar, mutumin da ke wuni cikin takardun haraji da ɗibar samari aikin soja da sasanta rigimar gonaki, sai dare ya raba sannan ya sami sukunin komawa kan lissafi. Sunansa Jean-Baptiste Joseph Fourier, Faransawa kuma Furiye suke furta sunan.

Akwai wata da'awa a cikin maƙalar da ta tsaya wa dattawan a maƙoshi. Fourier ya ce duk wani zane mai hawa da sauka, komai muninsa, ko da kuwa yana da kusurwoyi masu kaifi irin na haƙoran zarto, ana iya warware shi ya zama tarin igiyoyi masu santsi, irin waɗanda ke tashi idan an jefa dutse a tafki, kowace da girmanta da saurinta. Joseph-Louis Lagrange, wanda ya koyar da shi, kuma wanda ba a ja da shi a fagen lissafi a Turai ta wancan zamani, ya ce bai gamsu ba. Aka ajiye maƙalar ba a buga ba. Sai da shekara goma sha biyar ta wuce kafin duniya ta karanta aikin a cikin littafi.

Wannan da'awa da aka yi wa kallon hadarin kaji ita ce a yau ke aiki a cikin wasu akwatunan ƙarfe da ake kafawa a masana'antu da manyan gine-gine domin tace gurɓatacciyar wutar lantarki. Shi kuwa mai ita bai taɓa ganin ƙwan lantarki ba. Ya rasu shekara guda kafin Michael Faraday ya gano, a 1831, yadda ake fitar da wuta daga motsin maganaɗisu.

Daga shagon tela zuwa kurkuku

An haife shi ranar 21 ga Maris, 1768, a garin Auxerre da ke bakin kogin Yonne. Mahaifinsa tela ne mai tarin iyali: 'ya'ya uku daga matarsa ta fari, goma sha biyu daga ta biyu, Joseph kuma shi ne na tara a ɗakinsu. Yana ɗan shekara tara mahaifiyarsa ta rasu, ba a jima ba mahaifin ya bi ta. Waɗanda suka lura da kaifin basirar yaron ne suka yi masa hanya, a 1780 ya shiga makarantar soja ta sarki da ke garin, wadda ruhubanawan Kirista mabiya tafarkin Benedict ke gudanarwa. Da fari a fannin adabi ya yi fice, amma yana kai shekara goma sha uku lissafi ya kama shi kamun kazar kuku. Ana ba da labarin cewa yakan tsince guntayen kyandir da rana, idan 'yan'uwansa ɗalibai sun yi barci ya kunna ya ci gaba da karatu. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya gama da mujalladai shida na littafin lissafin Bézout, wanda da shi ake horar da hafsoshin soja a lokacin.

Burinsa shi ne shiga rundunar igwa, inda ake buƙatar masu lissafi. Amma a Faransa ta sarakuna muƙamin hafsa na masu jinin sarauta ne, ɗan tela ba shi da wuri. Ƙofar da ta rage wa talaka mai ilimi ita ce coci, don haka a 1787 ya shiga gidan ruhubanawa na Saint-Benoît-sur-Loire a matsayin mai neman shiga. Zuciyarsa ba ta zauna a can ba. A wata wasiƙa da ya rubuta wa tsohon malaminsa washegarin cikarsa shekara 21, ya koka cewa a irin shekarunsa Newton da Pascal sun riga sun yi abin da za a daɗe ana tuna su da shi. Juyin juya halin 1789 ne ya yanke masa shawara. Ya bar gidan ba tare da ya yi rantsuwar zama ruhubani ba, ya koma Auxerre yana koyarwa a makarantar da ta rene shi.

A 1793 ya shiga kwamitin juyin juya hali na garinsu. Shekarun nan su ne na na'urar fille kai, lokacin da zargi kawai kan isa a rasa rai. An tura shi wani aiki da ya bi da shi ta birnin Orléans, a can ya tashi a bainar jama'a ya kare wasu mutanen gari da wakilin gwamnati ya sa wa ƙahon zuƙa. Wannan magana ce ta jawo aka kama shi a watan Yulin 1794. Mutanen Auxerre suka yi ta kai ƙorafi Paris a kansa, amma abin da ya cece shi a zahiri shi ne faɗuwar Robespierre, wanda aka fille wa kai ranar 28 ga watan. Shekara na zagayowa aka sake kama shi, wannan karon waɗanda suka kifar da Robespierre ne suka zarge shi da hannu a ta'addancin da shi kansa ya sha da kyar a cikinsa. Ya sake fita. Daga nan Fourier ya koyi tafiya a hankali kusa da masu mulki, darasin da ya bi shi har tsufa, wani lokaci ya amfane shi, wani lokaci ya zubar masa da mutunci.

Tsakanin kamun biyu ne aka zaɓe shi cikin ɗaliban farko na makarantar horar da malamai da aka buɗe a Paris a Janairun 1795, inda ya zauna a gaban Lagrange da Laplace da Gaspard Monge. Ba a ɗauki lokaci ba aka ba shi aikin koyarwa a sabuwar makarantar injiniyoyi da ta zama École Polytechnique, a 1797 kuma ya gaji kujerar Lagrange a can.

Shekara uku a Masar

A watan Mayun 1798 Janar Napoleon Bonaparte ya tashi da rundunarsa daga tashar jiragen ruwa ta Toulon, tare da masana da injiniyoyi da masu zane fiye da 150, akasarinsu ba a ma gaya musu inda aka dosa ba. Fourier na cikinsu. Suka kama Iskandariyya a farkon Yuli, suka shiga Alƙahira kafin watan ya ƙare, sai ranar 1 ga Agusta jiragen yaƙin Ingila ƙarƙashin Nelson suka ragargaza na Faransa a Abu Ƙir. Hanyar komawa gida ta toshe. A cikin wannan hali aka kafa Cibiyar Nazari ta Masar a Alƙahira, Monge ya zama shugaba, Fourier sakatare na dindindin. Ya tsara zaman cibiyar, ya jagoranci ɗaya daga cikin tawagogin da suka haura kogin Nilu domin auna tsofaffin gine-ginen Fir'aunoni da zana su.

Littattafan Turai sun fi son tsayawa a nan, a kan masana da ma'aunansu. Amma mamaya ce aka yi, kuma Fourier jami'inta ne. Da mutanen Alƙahira suka yi bore a Oktoban 1798, Faransawa sun yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, sojojinsu suka shiga masallacin da dawakai, kamar yadda malamin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ga zamanin da idonsa, ya rubuta. Bayan Napoleon ya sulale ya koma Faransa a 1799, wani ɗalibi ɗan asalin Halab mai suna Sulaiman al-Halabi ya kashe magajinsa, Janar Kléber, a watan Yunin 1800. Fourier ne ya yi jawabin jana'izar janar ɗin, a ranar kuma aka ƙone hannun Sulaiman aka tsire shi. A ƙarshen zamansu, Fourier ne wakilin Faransawa a Diwanin Alƙahira, majalisar malamai da manyan gari da al-Jabarti ke cikinta. Shekaru bayan haka, da ya rubuta doguwar gabatarwa ga jerin mujalladan Description de l'Égypte, ya fito da mamayar a matsayin aikin wayar da kai, Napoleon kuma ya sa aka gyara rubutun yadda zai ƙara haska shi. Kaifin hankalin da ya iya hango abin da Lagrange bai hango ba, a nan bai nuna ya ga abin da ke gabansa ba.

Kantoma da zoben ƙarfe

Ya dawo Faransa a 1801 da niyyar komawa aji. Napoleon, wanda ya ga iya tafiyar da mulkinsa a Masar, ya naɗa shi kantoman lardin Isère a farkon 1802, mazauninsa birnin Grenoble a gindin tsaunukan Alps. Ba irin naɗin da ake cewa a'a ba ne. Ya shekara goma sha uku a can, nesa da Paris da ɗakunan karatunta, cikin sanyin da jikinsa bai ƙara jurewa ba tun da ya baro Masar.

Ya yi aikin da kyau. Akwai wasu faffaɗan fadamu a kusa da Bourgoin da ruwa ya kwanta a cikinsu, suna haddasa zazzaɓi duk shekara, an daɗe ana son janye ruwan amma rigimar masu filaye ta hana. Fourier ya bi gundumomi 37 da lallashi har suka amince a 1807, wurin ya zama gonaki. Ya kuma sa aka fasa babbar hanya ta cikin tsaunuka daga Grenoble zuwa ɓangaren Turin a Italiya. A Grenoble ɗin ne ya haɗu da wani yaro mai son harsuna, Jean-François Champollion, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya taimaka aka ɗauke masa aikin soja. Yaron ne ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822.

A tsakanin waɗannan hidimomi ya ɗauki tambayar zafi. Matakinsa na farko mai sauƙin faɗa ne: zafi na gangarawa daga inda ya fi yawa zuwa inda ya fi ƙaranci, kuma saurin gangarowarsa ya danganta da yadda bambancin ya yi tsanani tsakanin wuri da maƙwabcinsa. Daga nan ya fitar da ƙa'idar lissafi da ke bayyana yadda zafi ke sauyawa a kowane gurbi na ƙarfe yayin da lokaci ke tafiya. Wahalar tana wajen warware ƙa'idar.

Ɗauki zoben ƙarfe, irin wanda shi kansa ya yi gwaji da shi, ya huda masa ramuka ya zuba ma'aunan zafi. A gasa gefe guda a wuta sannan a janye. Yanzu wani sashe ya yi zafi ƙwarai, wani na da sanyi, kuma iyakar da ke tsakaninsu tana da kaifi. Ta yaya za a san zafin kowane gurbi bayan minti goma? Fourier ya lura cewa da a ce zafin ya bazu a jikin zoben a siffar igiya mai santsi, da amsar ta zo da sauƙi, domin irin wannan igiya ba ta canza kamanni, lafawa kawai take yi a hankali. Igiyar da ta yi hawa da sauka sau biyu a zagayen zoben tana lafawa da sauri ninki huɗu fiye da mai hawa da sauka sau ɗaya, mai sau uku kuma ninki tara. Don haka idan har za a iya rubuta kowane irin rabon zafi a matsayin jimillar irin waɗannan igiyoyi, sai a bi kowace ita kaɗai, a ga yadda take lafawa, a sake haɗa su. Ya kuma nuna hanyar gano girman kowace igiya a cikin tarin. Ma'aunansa suka gaskata lissafin: bayan ɗan lokaci ƙananan igiyoyin kan ɓace, uwar kaɗai ke saura.

Makaɗa sun san wannan da kunne tun kafin a rubuta shi. Tsirkiyar goge ko ta garaya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. Akwai uwar murya, a kanta kuma akwai wasu siraran muryoyi masu kaɗawa ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu na uwar, kuma yadda suka cakuɗu ne ke sa a bambanta algaita da sarewa ko da sun busa murya ɗaya. A kan tsirkiya ɗin ma aka fara gardamar. Tun a 1753 Daniel Bernoulli ya ce duk motsin tsirkiya jimillar irin waɗannan kaɗawa ne, Euler da d'Alembert suka musa, Lagrange yana saurayi ya shiga muhawarar a 1759 bai goyi bayan Bernoulli ba. Abin da kantoman Grenoble ya kawo wa dattijon a 1807 tsohuwar magana ce da yake ganin ya rufe babinta kusan shekara hamsin da suka wuce.

Ɗaya daga cikin misalan farko da Fourier ya kawo shi ne zane mai kusurwa huɗu, wanda ke tsayawa sak a sama, ya faɗo ƙasa farat ɗaya, ya tsaya, ya sake tashi. Ya nuna cewa ana gina shi da uwar igiya, a ƙara mata ta uku mai kashi ɗaya bisa uku na girmanta, da ta biyar mai ɗaya bisa biyar, da ta bakwai mai ɗaya bisa bakwai, haka har abin da ba shi da iyaka. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, za su sake fitowa a cikin wayoyin lantarki.

Kwamitin da ya duba maƙalar ya ƙunshi Lagrange da Laplace da Monge da Lacroix. Hujjar Lagrange ita ce, ta yaya tara abubuwa masu santsi zai haifar da kusurwa mai kaifi? Daga baya aka sa batun zafi a matsayin gasar lissafi ta cibiyar, Fourier ya faɗaɗa aikinsa ya aika a 1811, ya ci kyautar. Amma alƙalan, da Lagrange a cikinsu, suka haɗa kyautar da sharhin cewa hujjojinsa ba su cika ba. Nan ma aka jingine rubutun. Adalci ya sa a ce dattijon bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Fourier ya faɗi fiye da abin da ya iya tabbatarwa. Sai a 1829 wani matashi Bajamushe, Dirichlet, wanda ya zauna kusa da shi a Paris, ya fayyace sharuɗɗan da da'awar ke tabbata a ƙarƙashinsu, a shekarun 1870 kuma aka gano wasu baƙin zanuka da ba ta yi musu daidai ba. Sai dai a duk abin da injiniya ke aunawa, zafi ne ko sauti ko wuta, maganar kantoman ce ta tsaya.

Tsakanin sarki da Napoleon

Da aka tumɓuke Napoleon a 1814 aka nufi tsibirin Elba da shi, hanyarsa ta Grenoble ce. Fourier, wanda ya riga ya yi mubaya'a ga sabon sarki Louis na 18, ya yi ƙoƙari aka karkatar da ayarin don kada su haɗu. A watan Maris na 1815 sai ga Napoleon ya tsero, ya nufo Grenoble kai tsaye. Kantoman ya fice daga birnin ta wata ƙofa yayin da tsohon ubangidansa ke shigowa ta wata. Napoleon ya fusata ya tsige shi, sannan da suka haɗu a Bourgoin ya huce, ya naɗa shi kantoman lardin Rhône a Lyon. Kimanin wata biyu ya yi a kujerar ya rabu da ita. Bayan yaƙin Waterloo ya tsinci kansa a Paris ba aiki ba kuɗi, kowane ɓangare na kallonsa a matsayin mai fuska biyu.

Tsohon ɗalibinsa, Chabrol, wanda ke kantoman lardin da Paris ke ciki, shi ya ba shi shugabancin ofishin ƙididdiga. A 1816 Majalisar Masana Kimiyya ta zaɓe shi mamba, sarki ya ƙi sa hannu. Aka sake zaɓensa a 1817, wannan karon aka bari. A 1822 ya zama sakataren majalisar na dindindin, a shekarar kuma littafinsa Théorie analytique de la chaleur, wato nazarin zafi ta hanyar lissafi, ya fito. Lagrange ya rasu tun 1813.

A 1824 da 1827 ya wallafa nazari a kan zafin duniya kanta, inda ya lissafa cewa hasken rana kaɗai bai isa ya ba ta ɗumin da take da shi ba, ya kawo yiwuwar cewa iskar da ke lulluɓe da ita tana riƙe wani kaso na zafin. Masu nazarin ɗumamar yanayi daga nan suke fara tarihin fanninsu. A matsayinsa na sakatare ya buɗe wa masaniyar lissafi Sophie Germain ƙofar halartar zaman majalisar, abin da ba a saba yi wa mace ba.

Bai yi aure ba. A shekarunsa na ƙarshe yakan naɗe jikinsa da tufafi kashi-kashi, ya hura wuta a ɗaki har baƙi su kasa zama, numfashi kuma na yi masa wuya. Ya faɗi a matakalar bene ranar 4 ga Mayu, 1830, ya rasu ranar 16 ga watan yana da shekara 62. Watanni kaɗan kafin haka wani saurayi mai suna Évariste Galois ya miƙa masa wata maƙala domin gasar majalisar. Ba a same ta a cikin takardun mamacin ba, kuma aikin Galois, wanda daga baya ya sauya fannin aljabara, ya sha jira kamar yadda nasa ya sha. An binne Fourier a maƙabartar Père Lachaise, kabarinsa da ado irin na Masar, Champollion kuma aka binne shi kusa da shi bayan shekara biyu.

Yadda lissafin ya shiga waya

Tun yana raye aikinsa ya fara tsallakawa daga zafi zuwa lantarki. Georg Ohm, a littafinsa na 1827, ya kwaikwayi tsarin Fourier ne wajen bayyana yadda wuta ke bin waya. William Thomson, wanda ya zama Lord Kelvin, ya karanta littafin zafin tun yana matashi, daga baya ya yi amfani da ƙa'idarsa wajen nazarin wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku. Amma inda da'awar 1807 ta sami gida sosai shi ne a layukan wutar lantarki.

Wutar da ke zuwa gidaje kai-komo take yi a cikin waya, sau 50 a kowane sakan a Najeriya da Turai, sau 60 a Amurka. Injin da ke samar da ita a tasha yana fitar da ita a siffar igiya mai santsi, ainihin tubalin da Fourier ya yi gini da shi. Dutsen guga da hita da ƙwan fitila irin na da suna jan wutar a wannan siffar, ba sa ɓata ta. Caja da kwamfuta da talabijin da fitilun zamani da na'urorin da ke sarrafa gudun manyan injina kuwa sai sun miƙar da wutar kafin su yi amfani da ita, a wajen yin haka kuma fizgarta suke yi guntu-guntu. Siffar kwararar wutar sai ta koma mai tsini ko mai kusurwa. Idan aka warware ta da lissafin Fourier, sai a ga uwar igiya mai bugu 50 tare da 'ya'yanta, waɗanda injiniyoyi ke kira hamonik: ta uku mai bugu 150, ta biyar mai 250, ta bakwai mai 350. A na'urorin masana'antu da aka fi amfani da su a layi mai waya uku, ta biyar da ta bakwai ne suka fi girma, kuma a lissafin asali girmansu ɗaya bisa biyar ne da ɗaya bisa bakwai na uwar, alƙaluman nan na misalin Fourier.

Waɗannan 'ya'yan igiya ba sa yin wani aiki mai amfani, amma suna cin wuri a waya. Suna ƙara wa taransifoma zafi har ya tsufa da wuri. Ta biyar tana haifar da maganaɗisu mai juyawa baya a cikin mota mai aiki da lantarki, kamar ana taka birki ana ba da wuta. Ta uku kuma, maimakon ta soke juna tsakanin wayoyi uku kamar yadda uwar ke yi, taruwa take yi a waya ta huɗu, wayar dawowa, har ta yi zafi fiye da yadda aka tsara mata. Ɓarnar ba ta tsayawa a harabar mai na'urar, tana bin layi ta shafi maƙwabta.

Maganin farko da aka samo shi ne matata ta koyil da kafasita, wadda ake saita ta a kan igiya guda, a ce ta biyar, ta shanye ta. Tana da araha, amma ba ta san sauyi ba, kuma tana iya yin amo da layin kansa ta ƙara rura matsalar. A shekarun 1970 aka fara tsara wata irin matata mai mayar da martani. Ita wannan tana auna wutar da masana'anta ke ja sau dubbai a sakan, ƙaramar kwamfutar da ke cikinta ta ware uwar igiya daga sauran, sannan inbata mai saurin kunnawa da kashewa ta ƙera kishiyar sauran ta zuba a layi. Inda gurɓatar ta hau, abin da matatar ta zuba ya sauka daidai gwargwado, su kashe juna, layin gwamnati ya ga igiya mai santsi kawai.

Dukan dabarar ta rataya ne a kan matakin warewa, kuma a nan ne hanyoyin sarrafa sigina suka rabu. Hanya mafi kai tsaye ita ce ta Fourier, wadda ta zama mai yiwuwa a cikin ƙaramar na'ura bayan James Cooley da John Tukey sun wallafa gajeriyar hanyar lissafa ta a 1965. Ga ma'auni 1,024, aikin da zai ci ninkawa kusan miliyan guda ya koma kimanin dubu goma. Abin mamaki, Carl Friedrich Gauss ya riga ya gano irin wannan gajeriyar hanya wajen 1805, yana lissafin tafiyar wasu ƙananan duniyoyi, bai kuwa wallafa ba. Amfanin hanyar Fourier shi ne tana nuna kowace igiya daban, injiniya ya zaɓi wadda zai kashe ya bar wadda ba ta dame shi ba, ya tsimi ƙarfin matatar. Rauninta kuma jira ne. Sai ta ga zagaye guda cikakke, kashi ɗaya bisa hamsin na sakan, kafin ta ba da amsa, a wurin da injin walda ko murhun narkar da ƙarfe ke sauya jan wuta a ƙiftawar ido kuwa wannan jinkiri ne babba. Tana kuma ɗauka cewa bugun layin na zaune daram a kan 50. A layukan da bugun ke yawo sama da ƙasa, kamar yadda aka sani a babban layin Najeriya, dole a haɗa mata wata da'ira mai bin sawun bugun, in ba haka ba lissafin ya zame.

Don kauce wa jiran ne Hirofumi Akagi da abokan aikinsa biyu a Japan, Kanazawa da Nabae, suka fito da wata hanya a 1983. Sun yi amfani da dabarar da injiniya Ba'amurkiya Edith Clarke ta shimfiɗa ta mayar da ma'aunin wayoyi uku zuwa biyu, suka lissafa ƙarfin da ke wucewa a kowane ɗan lokaci, suka raba kason da ke zaune daga kason da ke kaɗawa. Mai kaɗawar shi ne gurɓata, shi matatar ke biya. Akwai wata hanyar mai kama da ita da ke sa ma'aunin ya riƙa juyawa tare da uwar igiya, ta yadda uwar za ta zama kamar a tsaye, 'ya'yan kuma su fito fili. Matatun da ake sayarwa a yau sukan haɗa fiye da hanya ɗaya, gwargwadon irin kayan da ke kan layin.

Ko wace hanya aka bi a cikin akwatin, ranar da injiniya ya zo duba ko matatar ta yi aikinta, ma'aunin da zai maƙala a waya da lissafin Fourier yake aiki. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanadi a ɗauki zagaye goma a layi mai bugu 50, wato kashi ɗaya bisa biyar na sakan, a warware shi, a jera 'ya'yan igiya har zuwa ta hamsin a kan allo kamar sanduna. Kafin a kunna matatar, sandunan da ke kan lamba biyar da bakwai sukan yi tsawo. Idan an kunna, injiniyan kan tsaya ya ga iya inda suka sauka, ya rubuta adadin a takardar da zai miƙa wa mai masana'anta.